Sunayen da Na Tambayi Baffa

Tsohon da ya jawo mini wannan abin ɗan Caina ne, kuma har yau in na tuna shi ban san ko in ji tausayinsa ko in yi tsaki ba. Ejensin da nake wa aikin kula da tsofaffi ce ta tura ni gidansa, hawa na biyar a wani tsohon bene kusa da Canal Street, ba lifta. Kullum da safe in fito daga Grand Concourse in hau jirgin ƙasa na layin D, in sauka a Grand Street, in ratsa masu kifi da masu kayan miya, sannan in kama matakalar nan ina haki ina mita. Aikina in ba shi magani, in dafa masa shinkafarsa mai ruwa-ruwa, in riƙe shi ya taka daga gado zuwa taga ya dawo. Baba nake ce masa, tunda ba zan iya kiran mai furfura da sunansa ba, ko da bakina zai iya furta shi.

Ɗakinsa takardu ne ko'ina, kuma ba irin waɗanda na sani ba. Baƙaƙe ne ƙirin, da zane-zane farare a jiki kamar inda kaza ta yi tono. Satina na farko na ga sun yi ƙura, na tattara su wuri ɗaya zan goge tebur. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofin shayi sai da hannu biyu, sai ga shi tsaye ba sanda yana ta zuba mini Sinanci. Na ajiye masa kayansa, na ce Allah ya ba ka haƙuri.

Da ya huce ya zaunar da ni. Turancinsa a karye yake, nawa ma ba a miƙe yake ba, amma mun fahimci juna. Ya ce fiye da shekara dubu uku da suka wuce, sarakunan ƙasarsu ba sa yin komai sai sun tambaya. A samo ƙoƙon kunkuru ko allon kafaɗar sa, a yi masa 'yan ramuka ta baya, a ɗosa masa wuta har ya tsage, a duba tsagar a ce ga amsa. Sannan a sa abu mai kaifi a rubuta tambayar a jikin ƙashin. Za a yi ruwa? Gero zai yi kyau? Matar sarki za ta sauka lafiya? Haƙorin sarki da ke ciwo, wane ne cikin kakanni ya yi fushi? Bayan an manta da su, manoma suka riƙa tono su a gona, aka daɗe ana daka su ana sha a matsayin magani kafin wani ya lura rubutu ne a jiki. Takardun da na kusa yamutsawa kwafinsu ne. Takarda ake shimfiɗawa a kan ƙashin a bi ta da tawada, rubutun ya fito fari.

Na ce a raina, a'uzu billahi, ashe gidan boka aka turo ni. Wannan ai duba ne, ko da wane suna za a kira shi. Mu ma muna da masu bugun ƙasa, sai dai namu in sun gama sukan shafe da tafin hannu. Daga ranar na daina taɓa takardun, in zan goge tebur sai in zagaye su.

Ya lura, ya yi ta dariya har da tari. Ya ce shi bai damu da amsar da kunkuru ya ba sarki ba, sunayen wurare yake bi. In sarki ya fita farauta, duk inda ya ya da zango sai ya tambaya, a rubuta: yau muna wuri kaza, za mu wuri kaza, ba matsala? Har da ranar. To in ka jera ƙasusuwan ka ƙirga kwanakin da ke tsakani, sai ka san wannan wurin yana da kwana biyu daga wancan. In Allah ya sa ka ci karo da sunan wani kogi da har yau haka ake kiransa, ka sami turken da za ka ɗaure sauran. Wasu sunayen kuma an gagara karanta su, wasu an karanta amma ba a san inda suke ba. Aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ke nan, kuma ko a lokacin, da idon da ba ya gani sai da gilashin ƙara girma, bai daina ba.

Wata rana ina yanka masa lemo ya ce, "Ke daga ina?"

Na ce Kano.

Ya ce a'a, inda aka haifi mahaifinki. Na faɗa masa sunan ƙauyenmu. Ya maimaita har sau uku, ya lalata shi sau uku, sannan ya ce me yake nufi, wa ya sa shi, kafin nan yaya ake kiran wurin. Na tsaya da wuƙa a hannu. Ya ce to rafin da ke kusa fa, tudun fa. Ban sani ba. Mutumin nan ya san inda wani sarki ya kwana shekara dubu uku baya, ni ban san dalilin sunan inda aka binne cibiyata ba. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta koma haushi, na tura masa lemon da ƙarfin da bai kamata ba.

Ba laifina ba ne duka. Ina shekara bakwai mahaifinmu ya kwashe mu muka koma birni, ƙauye sai da sallah ko rasuwa. Da ya rasu, gonakinsu na gado suka ci gaba da zama a hannun ƙaninsa, wato Baffa, yayanmu kuma yana leƙawa. Ba a taɓa rabawa ba, ba wanda ya taɓa cewa a raba. Mu mata ana aiko mana da ɗan gero da gyaɗa in an yi kaka, mu ce an gode, shi ke nan. Yanzu birni ya taso ya cim ma ƙauyen, 'yan baya ba abin da suka sani sai Bayan Gidan Mai, Layin Taransifoma, Sabuwar Unguwa. Abin da nake iya tunawa kawai, ina ƙarama ina bin Baffa da ƙwaryar fura a ka, shi kuma duk inda muka taka sai ya kira wurin da sunansa kamar yana gaishe shi. Muryar ta zauna mini, sunayen sun gudu. Na lissafa tsofaffin gidanmu a cikin jirgi ina komawa Bronx, na ga ba wanda ya rage sai shi, kuma ya haura tamanin. Zuwa gida ba ya cikin lissafi, don takarduna suna hannun lauya, in na fita ba dawowa.

Lokacin katin waya muke saya a bodega, wato shagon unguwa. Na saya, na zauna a kicin ɗin tsohon da rana lokacin hutuna, wato can gida yamma ta yi. Wanda bai taɓa kiran ƙauye daga waje ba ba zai gane ba. Sai an gaisa da wadda ta ɗauka, ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa, ina gajiya, ina sanyi, ina mutanen Amurka, a kawo jaririn da aka haifa a kara masa waya ya yi numfashi a kunnena. Kafin a kai wa Baffa a zaure, matar nan ta cikin kati ta ce saura minti ɗaya. Kati uku suka tafi a haka. A na huɗu na cire kunya, na ce wa matar ɗansa don girman Allah ta wuce da ni zaure kai tsaye, na gaishe su daga baya. Na san an yi gulmata a kan wannan, ban damu ba.

Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, yau kin tuna da ɗanki?"

Na ce, "Baffa, wuraren nan da kake kira in muna tafiya gona, su nake so ka tuna mini."

Wallahi kamar jira yake. Ya gyara murya ya fara da Tsamiyar Fatake, inda masu jakuna ke sauka da goro in sun taso daga kudu, su kwana biyu kafin su shiga birni. Tsamiyar an sare, gidan man nan ne a wurin. Sai Rijiyar Kuturu. Ya ce an haƙa rijiya uku a garin ba ruwa, wani kuturu da ke zama a bakin hanya ya nuna da dungulminsa ya ce a gwada nan, aka yi masa dariya, aka gwada don a kunyata shi, ruwa ya ɓullo a gaba uku. Sai Tudun Maƙera, inda ake narka tama tun kafin kakansa, har yau in ka yi huɗa kana tono kashin maƙera. Yana ba ni yana dariya, ina jin mutanen zauren suna sa baki. Da katin ya ƙare na zauna a kicin ɗin ina share hawaye da bakin mayafi, don rabon da in ji daɗi irin na ranar tun ina gida.

Na kai wa tsohon ɗan Cainan sunaye uku a bayan takardar magani. Ya yi murna kamar shi aka yi wa kyauta. Ya jawo wani sabon littafin rubutu ya ba ni, sannan ya ɗaga yatsa irin na malaman makaranta. Ya ce suna kaɗai ba ya isa, shi abin da ya wahalar da shi ke nan. In ba ki san inda wurin yake ba, nan da shekara hamsin kalma ce kawai a takarda. Ki tambaya me ke gabas da shi, me ke yamma, tafiyar nawa ce daga wannan zuwa wancan, me yake maƙwabtaka da shi, daga ina ya fara, a ina ya ƙare. Ya sa na rubuta tambayoyin a shafin farko don kada in manta. Ni kuma, mace da hankalinta da shekarunta arba'in da biyar, na rubuta ina gyaɗa kai.

Sati na zagayowa na kira. Aka gaisa, aka yi Uwata. Na buɗe littafi.

"Baffa, Tudun Maƙeran nan, me ke gabas da shi?"

Ya faɗa.

"Yamma fa? Gonar wa ce a jikinsa?"

Ya ɗan yi jim, ya faɗa.

"To daga ina ya fara, kuma a ina ya ƙare? Tamu gonar a ciki take ko a gefe?"

Na ɗauka layi ne ya yanke, har na ce halo. Sai ya ce, a hankali, "Rubutawa kike yi?"

Na ce, "E, Baffa, duk ina rubutawa, ba abin da zan bari ya ɓata."

Ya ce, "To, madalla. An kira sallah."

Agogon kicin ɗin yana gabana. Ko na yi lissafin ta wace hanya, da sauran fiye da awa ɗaya kafin magariba a can. Amma ban gane ba, sai na ce tsufa ne.

Daga nan duk kiran da na yi, Baffa ya fita, Baffa yana barci, Baffa ya tafi jana'iza. Mutumin da ba ya wuce ƙofar masallaci. Ana nan sai ga kiran Yaya. Yayana tun da na zo ƙasar nan bai taɓa kirana ba, filashin yake yi ya kashe in bi shi. Ran nan kuwa da kuɗinsa ya kira, yana riƙe da layin, gabana ya faɗi na ɗauka rasuwa aka yi.

Ko gaisuwar kirki bai bari mun yi ba. Ya ce, "In rabonki kike so, ni za ki faɗa wa. Ba ki sa tsoho a gaba kina tambayarsa iyaka kina rubutawa ba. Kwana uku bai ci abincin kirki ba."

Na ce, "Yaya, wane rabo? Wace iyaka?"

Ya ce, "Gabas, yamma, gonar wa ke jiki, ina ta ƙare. In ba iyaka ba mece ce wannan?"

A tsaye nake a bakin tashar jirgi, mutane suna bangaje ni, na fara bayani. Da na san abin da bayanin zai haifar da na yi shiru. Na ce wani ɗan Caina ne nake wa aiki, shi ya ce in tambaya. Yaya ya ce, "Ɗan Caina." Ya sake cewa, "Ɗan Caina. To ai magana ta fito." A lokacin ba abin da ake zance a yankinmu sai masu kamfani da ke neman filaye a gefen birni. Na ce ba saye zai yi ba, mutumin ko matakala ba ya iya sauka, shi ƙasusuwa yake karantawa, na kunkuru da na shanu, waɗanda sarakunansu ke duba da su. Yaya ya yi salati. Cikin minti biyar na tashi daga mai neman gado na zama mai sayar da gonar kakanni, na kuma zama mai bin bokayen Caina. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba, shi kuma ya ce ya ga abin da Amurka ta mayar da ni, ya kashe.

Maƙwabciyata 'yar Maraɗi ce, tana sayar da jakunkuna a Canal Street. Na ba ta labari a matakalar gidanmu ina neman wadda za ta taya ni jin haushi. Ta dube ni ta ce, "Ke ma dai, Hajiya. Mace tana waje, ta kira tsoho ta ce ina gabas ina yamma, har ta ce tana rubutawa? Ko ni ce haka zan ɗauka." Na so in yi mata musu, amma ni ma da wata ce ta yi, haka zan ɗauka. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na san mutanena sarai, amma na ɗauki tambayoyin wanda ke bin sawun matattun sarakuna na kai wa rayayyen tsoho da gonar marayu a hannunsa.

Washegari na sauke wa ɗan Cainan nawa haushin. Ban yi masa tsawa ba, aikina ne a bakin, amma ya ga fuskata. Ya saurara, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Sannan ya ce in gaya musu don tarihi ne kawai. Na ce na gaya musu. Ya ce to in ba shi wayar ya yi wa Baffa bayani da kansa. Na dube shi, na hango Baffa a zaure an kara masa waya ɗan Caina yana magana, ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce Baba, sha maganinka.

Na aika saƙo ta wajen duk wanda zan iya. Na rantse ba na son ko taku ɗaya, na ce a bar gonaki yadda suke. Ba a ji ba, kuma yanzu na san ba taurin kai ba ne. Baffa mutum ne mai tsoron Allah. Tunda maganar ta shiga kunnensa, ko da wasa ce, ba zai yarda ya kwanta a kabari da haƙƙin 'yar ɗan'uwansa a wuya ba. Rantsuwata ma kunya ya ɗauke ta, wai na ga an ji haushi ne na janye. Bayan an cire amfani ya tara liman da mai unguwa da dattawa, aka zagaya da igiya, aka raba komai, maza da mata, kowa aka nuna masa nasa. Gonakin da suka fi shekara ɗari a haɗe suka tashi a yini ɗaya. Kuma da zarar kowa ya san nasa, masu yanka fuloti suka san ƙofar kowa. Kafin damina biyu yawancin 'yan'uwana sun sayar, Tudun Maƙera ya zama layuka da bulo. Ba wanda ya ce mini ni na jawo, amma ba wanda ya ce ba ni ba ce.

A tsakanin nan 'yar ɗan Cainan ta zo ta mayar da shi wajenta a wata jiha, aka canza mini gida. Takardunsa ta zuba a kwalaye, ban san inda suka ƙare ba. Littafin da ya ba ni yana nan, sunaye uku ne a ciki da rabin bayanin ɗaya.

Ni rabona wani yanki ne can ƙarshe. Yaya ya turo mini hoton takardar a waya, lokacin an fara irin wannan. Lamba ce a jiki, da tsawo da faɗi, da sa hannun shaidu. Na tambaye shi wane wuri ne, ya ce bayan turken waya. Na ce kafin a kafa turken fa? Ya ce shi ina ya sani.

Na yi wata biyu ina juya abin, sannan wata Juma'a da ba ni da aiki na kira, na roƙi matar ɗansa ta kai masa. Ya karɓa. Muryarsa ta ƙara yin ƙasa. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya sa mini albarka, ba abin da ya rage a ciki. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, haƙƙina ne, Allah ne ya ba ni. Na ce Baffa wallahi ba shi na nema ba. Ya ce ya ji.

Na ce, "Abu ɗaya zan tambaya, kuma ba biro a hannuna. Wurin nan da aka ba ni, yaya sunansa?"

Na san ya sani. Na ji numfashinsa a wayar, na ji akuya tana kuka a bayansa, na jira.

Ya ce, "Ai naki ne yanzu. Ki sa masa wanda kika ga dama."

Sai na ji yana ce wa yarinyar ta zo ta karɓi wayarta.